Winci Mai Araha da Tifar Yaya

Idan ka shiga unguwar kana cigiyar mai faci, wanda ka fara tarewa zai ce da kai, "Au, Bar-Mini kake nema?" Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa, ita kanta matarsa sai ta ɗan yi tunani kafin ta tuno shi. Shi ya jawo wa kansa, don babu abin da zai lalace a gabansa bai bugi ƙirji ya ce a bar masa ba. Famfon maƙwabcinsa ya taɓa ɗiga, ya ce a bar masa, aka bar masa, mutanen gidan suka wuni suna kwashe ruwa daga ɗaka da bokiti. Rediyon tela ya taɓa yin shaƙaƙƙiyar murya, ya ce a bar masa, har yau rediyon nan ba ya magana sai an kifa shi. Shi dai bai taɓa amsa sunan da daɗin rai ba. A allon rumfarsa, sama da tsohuwar tayar da ya rataya, ya rubuta INJINIYA da jan fenti, kuma duk wanda ya kira shi da haka yakan ƙara masa iska kyauta.

Gidansa kuwa ba faci ne ke riƙe da shi ba. Matarsa ce, wadda kowa ke kira Mai Ƙwai. Tana da wata farar a-kori-kura, tsohuwa amma tsaf-tsaf, da ita take ɗauko ƙwai daga gonar kaji da yamma, da sassafe ta bi shaguna tana rabawa. In tana tuƙi sai ka rantse jinjiri ne kwance a bayan motar, kowane rami sai ta lallaɓa shi. Motar nan ita ce tukunyar gidan, ita ce makarantar yara, ita ce sabulun wanki.

Mai Ƙwai tana da wa, mai tifar yashi, mutum mai tumbi da ƙarancin dariya, wanda ko tsinke ba ya yarda ya faɗi daga hannunsa. Tun da aka yi auren bai taɓa kiran Bar-Mini da wani suna ba sai "mai sayar da iska". Ita kuma kullum cikin kare mijinta take.

"Yaya, yana da zuciya mai kyau."

"Zuciyar za ki dafa wa yara?"

Ana nan, wata rana wata gingimari ta zurma cikin lambatu dab da rumfar faci. Aka kira janwe, ƙatuwar motar nan mai ciro motoci. Mai janwe ya diro da baƙin tabarau, ya maƙala ƙugiya, ya danna wani abu da ɗan yatsa ɗaya, sai ga gingimari ta fito tana ɗigar ruwa. Jama'a suka ɗau tafi, har wani ya kawo masa kujera. Bar-Mini na tsugune gaban bahonsa, ya nutsa taya a ruwa yana neman huda, abin ya tsaya masa a wuya. Shekara da shekaru yana faci, ko akuya ba ta taɓa tafa masa ba.

"Wai mene ne a ciki?" ya ce da mai walda, maƙwabcin rumfarsa. "Igiya ce da madanni. Sauran duk tabarau ne."

Washegari ya rufe rumfa ya tafi kasuwar kayan gyara, ya dawo ɗauke da kwali a ka. A ciki akwai injin ja, wanda 'yan gareji ke kira winci: 'yar ganga ce ta ƙarfe naɗe da igiyar waya, da ƙugiya a bakin igiyar, batirin mota ke juya ta, ga kuma madanni mai doguwar waya da ake riƙewa a hannu. A jikin kwalin akwai hoton wata mota tana hawa dutse a miƙe, direbanta na murmushi. Mai walda ya sa hannu ɗaya ya ɗaga injin, ya jinjina.

"Injiniya, wannan ai ko injin markaɗe ya fi shi nauyi."

"Na zamani ne. Ƙarfin a ciki yake."

"Mai araha ka sayo, ko?"

"Arahar ce ta same ni. Duk kamfani ɗaya ke yin su, masu tsadar fenti kawai aka ƙara musu."

Tela ya leƙo daga shagonsa, awo rataye a wuya. "Me mai kayan ya ce maka?"

"Ya ce ko gari na ɗaura masa sai ya jawo. In kuma bai ja ba, in mayar masa."

"Ina shagon nasa?"

"Ba shi da shago. A baro yake yawo da kayan."

Tela da mai walda suka dubi juna, kowa ya koma bakin aikinsa.

Saura mota, domin winci ba ya aiki a kan tabarma. Da yamma Bar-Mini ya jira har Mai Ƙwai ta ci abinci ta miƙe ƙafa, sannan ya kashe murya ya kawo maganar.

"Baban yara, motar ƙwai ce fa," in ji ta.

"Da safe ƙwai, da rana ceto. Ke kina raba ƙwai, ni ina ciro manyan motoci, a sati kaɗan sai dai ki ji ana cewa ga matar Injiniya nan."

Gaskiyar magana tana son mutumin nan, kuma ta gaji da sunkuyar da kai duk lokacin da Yaya ya ambace shi. Tana so ko sau ɗaya a rayuwa wani abu nasa ya yi kyau a gaban jama'a. Sai ta ce to, amma kada ya kuskura ya taɓa motar in da ƙwai a ciki.

Mai walda ya liƙa winci a gaban a-kori-kura, yana yi yana girgiza kai. Aka yi gwaji nan take. Bar-Mini ya maƙala ƙugiya a bencin tela, tela na zaune a kai yana ɗinkin hannu, ya danna. Benci ya taho suuu har tsakiyar titi da tela a kansa, allura a hannu. Daga nan bakin Bar-Mini ya ƙi rufuwa. Ya sayi baƙin tabarau, ya sa aka ɗinka masa fararen kaya, ya zauna jiran aiki.

Aiki ya ƙi zuwa. Bar-Mini ya zama mutum ɗaya tilo a unguwar da ke yi wa motocin mutane fatan faɗawa rami. In ya ga hadari sai ya yi murmushi. In direba ya tsaya shan iska sai ya ce, "Ka bi ta hanyar rafi mana, ta fi sauri." Direbobi suka gane shi, suka riƙa bin kwalta.

Ranar da abin zai faru, ruwa ya sauko tun hantsi kamar da bakin ƙwarya, bai ɗauke ba sai bayan azahar. Mai Ƙwai ta dawo daga gona ke nan da ƙwan gobe, kiret bisa kiret har saman bodi, sai ga tela a kan babur ɗinsa da labari: tifar Yaya ta kafe a taɓo a hanyar ramin yashi, cike da kaya, janwe kuma ya yi tafiya, ba a san ranar dawowarsa ba. Bar-Mini ya faɗa ɗaka neman fararen kayansa. Mai Ƙwai ta ɗauki waya, ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta roƙi Yaya alfarma.

"Ka ba shi dama, Yaya. Ni na tsaya masa."

Da ta kashe wayar sai ta tare mijin a bakin ƙofa. "Shekara da shekaru ina kare ka da baki kawai, yau na sa fuskata. Abu biyu na damƙa maka, motata da mutuncina a gaban Yaya. Ka tsaya in sauke ƙwan tukuna."

"Bar mini," in ji shi.

Ta shiga ciki ɗauko tabarmar da za ta jera kiret a kai. Kafin ta fito, sai hayaƙin mota ta tarar a ƙofar gida. Shi a lissafinsa sauke ƙwai ɓata lokaci ne, kada janwe ya dawo ya riga shi, ƙwai kuma me zai same su a motar da za ta tsaya cak tana kallon tifa na tahowa?

A bakin rafi jama'a sun taru, leburorin yashi da masu wanki da 'yan kallo, har mai walda ya rufe shago ya biyo baya don kada a ba shi labari. Tifa ta nutse, tayoyin bayanta sun ɓace rabi a laka. Yaya na tsaye a kan tudu ya haɗe rai. Direban tifar, wani dogon mutum marar yawan magana, yana jingine da ƙofa. Tun da rana ya ce a zubar da yashin motar ta yi sauƙi ta fita da kanta, Yaya ya ce yashin da aka sha wuya aka loda ko cokali ɗaya ba za a zubar ba. Wannan direban kuwa Bar-Mini ya taɓa yi masa facin da ya sace a tsakiyar daji, kuma bai manta ba.

Bar-Mini ya zagaya ta kan tudu ya tsayar da a-kori-kura a bayan tifa, ba don komai ba sai don ta nan jama'a suka fi yawa. Ya fito da tabarau, ya tsaya ya ba su lokaci su kalle shi.

"Injiniya," in ji direba, "gaba fa muka nufa."

"Za mu jawo ta baya ta huta, sannan ta yi gaban. Kai dai shiga ka kashe inji, ka ja birkin hannu, ka sa giya. Kada ka taɓa komai sai na ce."

"In ja birki?"

"Ka ja shi da kyau. Ba na son gobe wani ya ce injin tifa ne ya yi aikin. Winci kaɗai za a gani."

"To, Injiniya," in ji direba. Ya hau, ya ja birki har ya yi ƙara, ya harɗe hannu.

Ƙarfen da ake maƙala igiyar ja yana can ƙasa, laka ta binne shi, kuma mai fararen kaya ba zai tsuguna a taɓo ba. Sai Bar-Mini ya sa aka kawo masa katako ya taka, ya yi ɗage ya rataya ƙugiya can saman ƙofar bodin tifa, inda babu ko ɗigon laka. Ya dawo ya haye kan a-kori-kura ya tsaya, madanni a hannu, ya yi gyaran murya.

"Yaya, ka matsa baya kaɗan, kada ta taho da gudu ta bi ta kanka."

Ya danna. Winci ya yi ƙugi, igiya ta miƙe tana kaɗawa, Bar-Mini ya ga bayan tifa na ƙara girma a idonsa.

"Ga ta nan. Jama'a ku shaida, ga ta nan tana zuwa."

"Kai ne kake tafiya," in ji mai walda.

Ya duba ƙasa. Tifa ko gezau, a-kori-kura ce ke sulalewa wajenta a kan santsi, tayoyinta ko juyawa ba sa yi. Ya saki madanni, ya gyara tabarau.

"Ai dama haɗuwa ake so. Wannan gaisuwa ce, yanzu za a fara aiki."

Ya sa leburori suka jibga duwatsu a gaban tayoyin a-kori-kura. Ya danna, duwatsun suka bi motar, suna gaba tana biye. Ya ce duwatsun bakin rafi ne, ruwa ya cinye musu nauyi. Ya karɓi sarƙa ya ɗaure bayan motar a jikin wani icen gwaiba da ke kan tudu. Ya danna. Icen ya sunkuya kamar mai gaida suruki, ya yi wata 'yar ƙara, ya tuge da saiwarsa ya biyo mota, gwaiba na zuba, yara na wawa.

"Kun ga ƙarfi?" in ji Bar-Mini. "Wa ya ce mai araha ba ya ja?"

"Tifa na ce ka ja," in ji Yaya. "Ban aike ka itace ba."

"Sannu a hankali, Yaya. Injin yana ɗumama jiki ne."

Injin kuwa ya ɗumama, don har ya fara warin ƙonannen gashi. Bar-Mini ya kwara masa ruwan rafi, ya yi cuu, hayaƙi ya tashi, ya ce wannan alamar lafiya ce. Ya waiga neman abin da ya fi gwaiba nauyi, idonsa ya faɗa kan rumfar mai gadin ramin yashi, 'yar rumfar katako da kwano mai daɓen katako, mai gadin na ciki zaune a kujera yana shan rake. Aka ƙulla igiya daga icen gwaiba zuwa rumfa.

"Baba, fito mana," in ji mai walda.

"Ni aikina gadin rumfar nan ne," in ji mai gadi. "Duk inda ta je, nan ne wurin aikina."

Bar-Mini bai tsaya nan ba. Ya zaɓi ƙarti masu jiki daga cikin 'yan kallo, ya jera su a bayan a-kori-kura, ya ce kowa ya kama bodi ya turje. Mai walda ma ya kama, wai don ya ga ƙarshen waldarsa. Sannan Bar-Mini ya diro don ya duba igiya, ƙafarsa ta zame, shi da madanni suka yi zaman dirshan a taɓo. Ya miƙe, fararen kaya sun tashi daga aiki, ya share madannin da hannun riga, ya danna da fushi.

Abin da aka gani a ranar, waɗanda suka gani har yau in suna ba da labari sai an ce su rantse. A-kori-kura ce a gaba, ƙarti na rataye da ita suna tirjiya, ƙafafunsu na yin kunya a laka kamar garma. Bayansu icen gwaiba. Bayan gwaiba rumfa, tana tafe tana rangaji, mai gadi na ciki yana shan rake, yana ɗaga wa mutane hannu. Duk suna tafe a jere wajen tifa, ita kuwa tana nan inda take.

"Tsaya haka," in ji Yaya. "Na ce ka tsaya."

Bar-Mini ya ɗauke yatsa. Winci bai tsaya ba. Laka ta shige cikin madannin ta riƙe shi. Ya buga shi a tafin hannu, ya hura masa iska, ya cije shi, ya roƙe shi. Winci dai ja yake, don abin da aka saye shi ya yi ke nan. Hancin a-kori-kura ya isa bayan tifa, kuma da yake ƙugiyar a sama take, sai motar ta ɗaga kai. Tayoyin gaba suka bar ƙasa, ta miƙe tsaye a jikin tifa kamar akuya mai cin ganye a katanga.

Daidai nan babur ɗin tela ya tsaya a kan tudu, Mai Ƙwai ta sauko daga baya.

Kiret na farko ya sulalo a hankali, kamar yana neman izini, ya kife a kan mai walda. Sauran ba su nemi izinin kowa ba. Suka yi ta zubowa ɗaya bayan ɗaya a kan ƙartin da ke riƙe da bodi, kowane da irin ƙararsa, har ba ka gane wane ne lebura, wane ne ɗan kallo, kowa ya zama ruwan ɗorawa tun daga ka har gwiwa. Sannan batiri ya ƙare, winci ya yi wani dogon nishi ya yi shiru. Wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ɗigar ƙwai da taunar raken mai gadi.

Gumi ya karyo wa Bar-Mini. Ya ga matarsa a kan tudu, ba ta yi ihu ba, ba ta ɗora hannu a ka ba, kallon motarta kawai take yi, kuma da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Tsoro da kunya suka haɗu suka ba shi dabara, irin dabarar da ke zuwa wa mutum lokacin da ya kamata ya yi shiru.

"Kada kowa ya damu," ya ce. "Direba, ta da inji ka ɗaga bodi. In gaban bodi ya yi sama, bayansa zai yi ƙasa, motarmu ta sauka a hankali."

Direba ya leƙo ta taga. "Ka ce, Injiniya?"

"Na ce."

Yaya ya buɗe baki zai yi magana, ƙarar inji ta danne shi. Bodi ya fara ɗagawa, bayansa ya yi ƙasa, a-kori-kura ta sauko sannu a hankali ta dire a kan tayoyinta huɗu, ko girgiza ba ta yi ba. Wasu daga cikin 'yan kallo har sun fara tafi, Bar-Mini ya juyo zai karɓa. Sai ƙofar bodi ta buɗe. Yashin nan da Yaya ya ce ko cokali ba za a zubar ba ya taho gaba ɗaya, ya rufe winci, ya rufe gilashi, ya rufe rufin mota, ya cika bodi. Da ƙura ta lafa, babu abin da ya rage na farar a-kori-kura sai madubi ɗaya da ke leƙowa daga tsibin yashi.

Direba ya sake leƙowa, fuskarsa babu ko alamar dariya.

"Injiniya, birkin fa? In sake shi, ko in ci gaba da riƙewa?"

Jama'a suka juyo suka zuba wa Bar-Mini ido. Ya ɗaga hannu ya yi alama a saki. Direba ya saki birki, ya sa giya, ya ɗan taka totur. Tifa da babu kaya a kanta ta yi tari ɗaya ta fice daga taɓo kamar ba ita ba. Da yake kuma ƙugiya na nan maƙale, sai ta tsamo a-kori-kura daga cikin yashi ta ja ta, ita ma ta ja gwaiba, gwaiba ta ja rumfa, har kan busasshiyar hanya. Mai gadi ya dubi sabon wurin, ya ce ya fi wancan iska.

Dariyar da aka yi, har masu wanki sai da suka zauna a ruwa. Bar-Mini ya tattaro ragowar muryarsa.

"Amma dai kun ga igiyar ba ta tsinke ba."

Babu wanda ya kula shi. Mai Ƙwai ta gangaro ta tsaya gaban motarta. Gilashi ya farfashe, rufi ya lotsa, yashi na zubowa ta kowace kafa, gaban ya yamutse inda winci ya ja shi. Ta sa bakin zanenta ta share madubin nan ɗaya da ya tsira, idonta ya cika da ƙwalla. Ranta ya ɓaci ƙwarai, don ita ta san safiya nawa ta tashi cikin sanyi kafin motar nan ta zama tata. Yaya ya zo ya tsaya kusa da ita, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Na gaya miki tun ba yau ba. Ga abin da kika tsaya wa. Shiga gaban tifa, ki ɗebo yaran ku dawo gidana, ki bar mai sayar da iska da iskarsa."

Bar-Mini ya cire tabarau. Ya san in ta taka matakalar tifar nan babu wanda zai ga laifinta. Mai Ƙwai ta share ido.

"Yaya, tun da rana direbanka ya ce a zubar da yashi, ka ƙi. Da ka yarda, da tifarka na gida, mijina na rumfarsa yana faci, ƙwaina na cikin kiret. Masu taurin kai biyu Allah ya ba ni, ɗaya na tarar a gidanmu, ɗaya ni na zaɓa da idona. Wanda na zaɓa, da shi zan koma."

Yaya ya dubi tsibin yashinsa da ya gauraye da ƙwai, ya dubi direba, direba ya dubi sama. Bar-Mini kuwa zuciyarsa ta kumbura, ƙirjin da ya lotsa ya fara dawowa. Ya matso ya dafa motar.

"Uwar yara, kada ki damu da motar nan. Gyaranta ba wani abu ba ne. Ke dai bar..."

"In ka ƙarasa, tifar zan shiga."

Ya haɗiye sauran.

"Mai walda zai duba ta, kai ko noti ba za ka taɓa ba," in ji ta. "Gobe da sassafe kuma shaguna na jiran ƙwai."

"Da wace motar?"

Ta dube shi tun daga sama har ƙasa. "Ga ta nan ina kallo."

Washegari 'yan unguwa suka fito ƙofar gida tun rana ba ta yi zafi ba. Ga Bar-Mini nan tafe daga hanyar gona yana tura baro, kiret bisa kiret an ɗaure da tsumma, tabarau a ido, Mai Ƙwai na biye da shi tana cewa, "Rami a hagu. A hankali. Dutse." Tela ya fito da bencinsa bakin titi, mai walda ya zauna a gefensa, har yanzu akwai ɓawon ƙwai a bayan kunnensa.

"Injiniya," in ji tela, "wani direba na tambaya, wai winci mai araha abin dogaro ne?"

"Kai ma ai ganau ne," in ji Bar-Mini, yana haki. "Ya ja mota, ya ja itace, ya ja rumfa har da mai gadinta. Tifar ce ba mai kyau ba."

Bai rufe baki ba tayar baro ta faɗa cikin caɓin da ruwan jiya ya bari a ƙofar shagon tela, ta kafe. Ya tura, ta ƙi. Ya ja, ta ƙi. Kiret ɗin sama ya fara karkacewa. Unguwa ta yi shiru, kowa na jira ya ji ko zai ce a bar masa, shi kuwa ya datse leɓe ya tsaya riƙe da baro yana kallon laka.

Mai Ƙwai ta ɗaure zanenta da kyau, ta cire takalmi.

"Matsa, baban yara. Bar mini."

Ta kama gaban baron ta ɗaga tayar, ta dire ta a busasshen wuri, ko ƙwai ɗaya bai motsa ba. Titin ya kaure da tafi tun daga shagon tela har rumfar faci. Bar-Mini ya gyara tabarau, ya ɗaga hannu yana amsawa ta hagu da dama, sai da ta ce masa rana na yi, sannan ya kama baro suka wuce.